Gashin Yaya Radiyya

Litinin, 5 ga Mayu
Ban taɓa gaya wa kowa ba: gashin Yaya Radiyya da Mama ke ba ni in binne a gindin mangwaro, ko sili ɗaya ban binne ba. Yana cikin gwangwanin madara, bayan littattafaina na soyayya. Tun da aka fara mata kemo saboda ciwon daji, kullum sai mun kwashe shi a kan matashi. Gashin da mai kitso ke kukan ya yi yawa.

Alhamis, 8 ga Mayu
Yau ma Mahfuz, saurayin Yaya, bai zo zance ba. Da a littafi ne, da yana bakin gadonta yana hawaye. Nan kuwa, wai aiki.

Laraba, 14 ga Mayu
Ɗankwali ba ya zama a kanta, santsi. Ya zame a gaban Gwaggo Bintu da ta zo dubiya. "Subhanallahi, kamar ƙwarya!" Da bakinta fa. Yaya ta shige ɗaki, ta ce ta gama fita, har bikin aminiyarta Anita a Yelwa ba za ta ba.

Asabar, 17 ga Mayu
Na ɗinka mata hula da leshi mai duwatsu, irin ta amaren littafi. Tana sawa ta cire. "Ni'ima, ƙaya kika ɗinka min?" Ashe fatar kan ko zare ba ta so. Ni dai sakarya ce kawai. Na sake wata da tsohuwar rigata ta auduga, ɗinkin ta waje.

Laraba, 21 ga Mayu
Na jera gashin a bakin hular, goshi da gefen kunne, yadda zai ɗan leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali. Mama ta kama ni.
"Ƙarin gashi a gidan nan? Ba ki da tsoron Allah?"
"Nata ne fa, Mama."
Ta daɗe tana shafa shi da yatsa. Ta fita. Ba ta ƙwace ba.

Juma'a, 23 ga Mayu
Gobe bikin. Na shafa wa Yaya man kaɗanya a ka, yau ban kau da ido ba. Ashe akwai ɗan tabo a ƙeyarta, wai faɗuwa ta yi tana goye da ni.
Littafin soyayyar da na ara wurin ƙawata Hafiza na mayar, ban ƙarasa ba. Ba wani dalili.
Ƙila Yaya ta jefe ni da hular. Ƙila ta yi kuka. Tana sallame la'asar zan miƙa mata.