Makin da Na Ba Ɗan Goggo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, kumburin ƙafar ya sauka? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya yi ƙaranci.

Kin tambayi aikina. Kamfaninmu na da manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke yi wa mutane hidima da kanta. Duk kayan aikin da za ta ɗauka sai an rubuta mata bayaninsa, don abin da aka rubuta kaɗai ta sani. Ɗan Goggo, da muke ɗaki ɗaya da shi, na cikin masu rubutawa, ni kuma ina dubawa in ba da maki.

Kwanaki ya rubuta bayanin wani kayan aiki na asibiti: “Wannan yana soke ganin likita.” Bai ce a fara tambayar majinyaci ba, bai ce abin da aka soke ba ya dawowa ba. A gwaji na zama majinyaci, na ce a ɗaga mini ranar ganin likita, sai manhajar ta soke ganin ɗungurungum. Na tuna Inna a bencin asibiti. Na ba shi makin da ya dace, kuma ba wannan ne karon farko ba.

Ba su sabunta kwantiraginsa ba.

“Malam alƙali,” in ji shi, yana naɗe katifarsa, “ni na ɗauko ka daga filin jirgi. Wannan ma ka ba shi maki.”

Ya koma wajen wani abokinsa.

Kada ki gaya wa Goggo tukuna, ki dai riƙa leƙa ta. Kin san yadda nake kukan matsin ɗakin nan. Yanzu ɗakin ya ishe ni. Jiya na sha'afa, na dafa abincin mutum biyu.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki