Rangwamen Ya Ƙare a Bakin Iyaka

Sanok, watan Afrilu

Mirka tawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ciwon bayan nan ya sarara miki, kuma tsohuwar da kike jinya, Frau Ilse, tana barinki ki runtsa. Ni lafiyata lau. Gida ma lafiya, ban da famfon banɗaki da ya koma ɗiga.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Ke ma kin sani. In na kira raɗa kike yi don kada ki tada tsohuwa, ni kuwa kunnen da ya tsufa cikin ƙarar zarto raɗa ba ta shigarsa. Sai mu yi ta "me kika ce?" har mu gaji. Gara takarda, ita ba ta da sauri.

Albishirinki, mijinki ya zama tsoho a hukumance. Ranar haihuwata ta zo ta wuce ba wanda ya tuna, har ke, kuma ban ga laifinki ba, tunda mu ranar waliyyin da muka ci sunansa muka saba yi wa biki. Ofishin magajin gari ne kaɗai ya tuna na cika sittin, ya aiko in je in karɓi katin tsofaffi. Da na so in share su, amma Zenek na benen sama ya tsare ni a matakala.

"Kai, Waldek, girman kai da talauci ba sa zama gida ɗaya. Sa hularka mu je."

Muka je. Wata Pani Lucyna ce a teburin, mai tabarau da kaifin baki. Ta miƙo mini kati ta ce, "Barka da shiga sahun manya, Pan Waldemar. Kada ka ɓata fuska, waɗansu ba su kai ba." Maganar ta tsaya mini a rai har muka fito.

Ga abin da katin ya ƙunsa, don ki san irin arzikin da kika aura. Wurin ninkaya kyauta da safe. Silima rabin kuɗi ranar Talata. Jirgin ƙasa kuma ko ba kati, shekarun kaɗai sun isa a yi mini ragi. Har mai aski an ce yana cikin tsarin. Da na nuna masa sai ya leƙa tsakiyar kaina ya ce, "Wane ragi kuma? Ai kanka ya riga ya rage mini aikin."

Kafin mu bar ofishin na tambayi Pani Lucyna ko za ta ba ni naki in ajiye, tunda a Disamba za ki cika. Ta ce, "Sai ta cika, kuma sai ta zo da ƙafarta. Ba a karɓar wa wani tsufa."

To, kin ji. Ban manta da abin da kika faɗa a tashar mota ba, shekarar da muka gama biyan kuɗin karatun 'yarmu Iwona kika ce za ki ƙara kaɗan saboda rufin gida. Kika ce, "Ina cika sittin fanshona zai fito, ko da zinare za su biya ni ba zan ƙara kwana a Jamus ba." Ku mata kun more, ni sai na ƙara shekara biyar a shagon kafinta. Amma ba komai. Zan riƙa ɗanɗana miki abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, in kin dawo ki tarar na san hanya.

Ki gaida tsohuwa in tana gane gaisuwa.

Naki, tsoho mai kati,
Waldek

Sanok, watan Agusta

Mirka tawa,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, wasiƙarki ta iso, har da safar da kika saƙa. Safar ulu a tsakiyar zafi, sai ke. Na gode.

Rahoton ɗanɗano. Na je ninkaya. Mu goma sha wani abu ne, duk masu furfura, muna tsaye cikin ruwa zuwa ƙirji muna ɗaga hannu muna saukewa, wata mata tana hura mana usur. Zenek ya ce tun da yake bai taɓa ganin tumbi da yawa haka a wuri ɗaya ba. Na yi dariya har na sha ruwa. Zai yi wa bayanki amfani ƙwarai.

Silima kuwa araha ba ta ado. Na yi barci tun kafin a kashe mutum na farko.

Sai rawa. Duk yammacin Alhamis ana kiɗa wa masu kati a zauren al'adu, da shayi kyauta. Mata sun ninka maza, saboda haka duk namijin da ƙafafunsa ke motsi sarki ne. Kada ki tada hankalinki, kujera na riƙe. Wata ta zo ta ce, "Pan Waldemar, gwauro ne kai ko mai ciwon gwiwa?" Na ce ba ko ɗaya, matata tana hanya. Ta ce, "Daga ina?" Na ce daga Kassel ta Jamus. Ta ce, "To, ƙafa take takowa ke nan." Na yi dariya tare da su, amma da na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Mirka, a ƙarshen wasiƙarki kin rubuta "Disamba dai za mu gani." Na karanta layin nan har na haddace. Da can "zan zo" kike cewa. Ban ce komai ba, tambaya kawai nake: me za mu gani?

Na gyara famfon. Na kuma yi wa ɗakinmu fenti, ruwan ƙwai, irin wanda kika taɓa nunawa a gidan Yaya Alina. Mako mai zuwa Zenek zai ja ni asibiti, wai masu kati suna da gwajin lafiya kyauta, daga jini har hanji. Na ce masa lafiyata lau. Ya ce, "Kyauta ce, wawa, ko allura ce ka miƙa hannu." Zan je don ya bar ni in huta.

Ina kewarki. Na faɗa a takarda tunda a waya ba ya fita.

Naki,
Waldek

Sanok, watan Oktoba

Yaya Alina,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ke da maigidan da jikoki kuna lafiya. Yaya ƙafar? Ki yi haƙuri da yadda na kashe waya jiya. Ba raini ba ne, maganar ce ta fi ƙarfin bakina.

Abin da na fara gaya miki haka yake. Gwajin kyautar nan ya gano ƙari a hanjina. Likita ta ce an gan shi da wuri, za a yi aiki bayan sabuwar shekara, kuma tana da kyakkyawan zato. Ta ce, "Katin nan ya yi maka rana, Pan Waldemar. Da ka jira sai ka ji ciwo, da wata maganar muke yi." Sannan ta tambaya wa zai kula da ni in an sallame ni. Na ce za a samu.

A makon ne kuma wasiƙar Mirka ta zo. Tana roƙon shekara ɗaya. Ta ce tsohuwar ba ta karɓar cokali daga hannun kowa sai nata, 'ya'yanta kuma sun ce in Mirka ta tafi gidan tsofaffi za su kai ta. Ta ce, "Waldek, yaya zan yi in juya mata baya a ƙarshe?" Na san ba kuɗi ba ne yanzu. Na san matar da na aura, ko kyanwa ba ta iya bari a cikin ruwan sama.

Kin ce in gaya mata, gobe-gobe za ta hau mota. Ai shi ne abin da nake tsoro, Yaya. Za ta zo. Za ta ajiye tawul ɗin waccan ta ɗauki nawa. Shekarun nan duka tana wanke jikin tsofaffin mutane, tana juya su a gado, tana kwana da kunne ɗaya a buɗe. Ni na yi ta tanadin ranar da za ta dawo ta shiga ruwa ta miƙe bayanta, ta yi rawa, mu hau jirgi mu je ta ga teku. Yanzu in kira ta da ciwo? Ashe canjin majinyaci kawai ta yi. Kuma har in mutu ba zan san ko don ni ta dawo ko don hanjina ba.

Na amsa mata na ce ta yi yadda ta ga ya dace. Layi uku. Ban taɓa rubuta mata gajeriyar wasiƙa haka ba.

Don Allah kada ki gaya wa Iwona, bakinta da na uwarta ɗaya ne. Ki bar kaza cikin gashinta tukuna.

Ƙaninki,
Waldek

Sanok, farkon Disamba

Mirka tawa,

Gaisuwa irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Ina fata kina lafiya, ke da tsohuwa. Barka da cika sittin. Ni dai na tuna, ban bar wa magajin gari ba.

Ki zauna kafin ki ci gaba. Kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki taɓa akwati.

Gwajin da Zenek ya ja ni ya gano ƙari a hanjina. An gan shi da wuri. Za a cire shi a watan Janairu, likita ta ce in Allah ya yarda zan ci gaba da damun mutane shekaru masu yawa. Tun kaka na sani na ɓoye miki, shi ya sa wasiƙata ta ƙarshe ta zo miki a bushe.

Da na ci gaba da ɓoyewa, ba don Zenek ba. Ranar Alhamis bayan ninkaya muna sa kaya ya ce, "Ka rame, kuma ka daina tsokana. Fito da ita." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na gaya masa duka, har da cewa ba ki sani ba. Kin san Zenek, ko a jana'iza sai ya sami abin dariya. Wannan karon bai yi ba. Ya zauna da takalmi ɗaya a hannu ya ce, "Haka marigayiya matata Jola ta yi mini. Wata da watanni tana zuwa asibiti tana ce mini kasuwa ta je, wai kada in damu. Ni kuwa ina can ina kamun kifi kamar jaki. Na yafe mata komai, Waldek, ban da wannan. Lokacin namu ne mu biyu, ta kashe shi ita kaɗai." Ya sa takalminsa ya fita bai jira ni ba.

Shi ya sa na gaya miki. Haƙƙinki ne ki sani.

Amma ki saurare ni da kyau. Ban gaya miki don ki dawo ba. Yaya Alina ta riga ta ce za ta zo ta zauna da ni bayan aikin, kuma kin san ta, ko ciwon ma sai ya ji tsoronta. Ba na son ki shigo gidan nan da tawul a kafaɗa. Ki gama da tsohuwarki yadda zuciyarki za ta kwanta. Ranar da za ki dawo, ki dawo don kina son ganin mummunan fentin da na yi, ki je wurin Pani Lucyna da ƙafarki ki karɓi katinki, mu je a hura mana usur tare.

Na yi fushi da ke a watannin nan, ba zan ɓoye ba. Sai wata rana ina zaune na lura da wani abu da ya ba ni kunya. Kullum ke ce a hanya. Ke ce kike kwana a mota ki zo hutu, ki cika mini firji da pierogi, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, ki koma. Ni ban taɓa ganin ɗakin da kike kwana ba. Ban san tagarki me take kallo ba. Ina ta lissafa miki wuraren da ragin jirgi zai kai mu, ban taɓa tunanin zai iya kai ni wurinki ba. An ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa na bar miki tafiyar ke kaɗai.

Jiya na je tasha na nemi tikitin Kassel. Mai sayar da tikiti ta duba ta ce, "Ragin naka a bakin iyaka ya ƙare fa, daga nan cikakken kuɗi ne." Na ce ta yanka. Ta ce, "Kai kuwa wa kake da shi a can da ya kai cikakken kuɗi?" Na ce ta yanka dai.

Saboda haka bana kada ki sa mini oplatek, siririn burodin Kirsimeti, a ambulan. Na gaji da karya farin burodin nan ni kaɗai, ina yi wa kujera addu'a. Duk jajibirin Kirsimeti ina ajiye faranti ɗaya don baƙon da ba a zata ba, kamar yadda kowa yake yi, amma Allah ya sani ba baƙo nake jira ba. In ci kifina ina kallon farantin, in wanke shi da tsabtarsa in mayar.

Na san ke ma kina ajiye shi a teburin Frau Ilse, kin taɓa gaya mini tana tambayarki na wane ne. Bana ki gaya mata yana da mai shi. Ki rage gishiri a miyar, likita ta hana. In kin ji an buga ƙofa da yamma kada ki tsaya tambayar ko wane ne, al'ada ta ce a buɗe.

Naki, da kati da ba kati,
Waldek