Ranar da Shugaba ta Shigo Kicin

'Yata Odessa,

Ina gaishe ki. Ya jikin kakarki? Ni lafiya lau, sanyin Ohio ne dai ke ɗan taɓa min gwiwa.

Jiya sabuwar shugabar jami'ar nan, baƙar fata ta farko a kan kujerar, ta shigo kicin ɗinmu. Ta kama hannuna ta ce, "Misis Gaines, wannan waken naki sak na uwata!" Na tsufa ina dafa wa shugabanni abinci, ba wanda ya taɓa girmama ni ya ce min Misis.

Na ji kina shirin barin makaranta ki biyo ni wanke tukwane. Kada ki kuskura! In za ki zo, ki zo da littattafai, ta ƙofar gaba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Eula