Baba, Iyakar Gonar Lajawa Ta Motsa

Assalamu alaikum Baba,

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma miƙo min za ka yi, ka ce boko ba gonarka ba ce, in karanto maka. To bari in karanto.

Na zo Wudil hutu. Inna lafiya lau, sai ciwon gwiwar nan. Ƙanwata Hadiza ta haihu, an yi maka takwara. Kunnuwanka ne sak, Allah sarki yaro.

Ka tuna ranar da ka tambaye ni aikin me nake yi a Turai? Na ce maka a cikin maganaɗisu akwai ƙananan yankuna kamar gonaki, kowanne da inda ya fuskanta, tsakaninsu da iyaka, kuma iyakar gudu take yi. Ka yi dariya har da tari, ka ce iyakar da ke gudu ai sunanta rigima. To Baba, mun auna gudun nata. Ido ba ya kama ta, kafin ka ƙifta ta gama tafiyarta. Wani haske mai ƙarfi, wai shi lesa, muke harba mata ta zabura, mu bi da wani hasken ya leƙo inda ta kai. Sai ta koma mazauninta, mu sake, mu sake, har mu haɗa hoton tafiyar. Da ba ta komawa, da ba mu auna komai ba.

Kai kuwa sau ɗaya ka tafi, ina can nesa. Babu sakewa. Ban taɓa gaya maka ba, duk yabon da Turawa suka yi min bai kai min dariyar nan taka daɗi ba.

Ga abin da ya hana ni sakat. Iyakar gonarmu ta Lajawa ma ta motsa. Gambar da kuka dasa kai da maƙwabcinka Malam Sale ta mutu ta gefe guda, kunyoyin dawarsa sun shigo cikin namu. Baffa Audu ya rantse sai an kai shi gaban dagaci, wai an ga ba ka nan an raina marayu. Ni ne babba, bakina ake jira.

Na je na sami Malam Sale a gonar. Baba, idonsa ya tafi! Da ƙafa yake laluben gambar, inda babu ita sai garmarsa ta wuce. Ya riƙe hannuna ya kira ni da sunanka, sannan ya tuna ka rasu. Wallahi kuka na yi. Wannan tsohon zan gurfanar? Da kai ne, za ka yi?

Gobe in Allah ya kai mu zan tono saiwar gamba, mu dasa ni da shi. Inda ya ce nan ce iyakar, to nan ce. Baffa zai yi faɗa, ya yi ta yi. Malam Sale kaɗai ya rage a duniya da ya san inda ka tsaya ranar da kuka dasa ta, ni kuma so nake in tsaya a wurin.

Allah ya kai haske kabarinka, Baba. Sai mun zo.

Ɗanka mai auna rigima,
Nasiru