Idon Hagu na Mai Tsaron Raga

Makarfi, Litinin

Zuwa ga Malam Muhammadu Auwalu, Furana.

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa, da fatan iyali da ɗalibai suna lafiya. Sunana Saminu Lado, ni ke horar da 'yan ƙwallon kwalejin da ɗanka Mudathir yake karatu.

Mudathir ba ya gani da idonsa na hagu. Jiya na sani.

Shi ne mai tsaron ragarmu, kuma bana ba mu ci wasa ko ɗaya ba. Na sauya 'yan baya, na sauya 'yan gaba, shi kam ban taɓa shi ba, domin bara babu kamarsa. Jiya a Ikara ƙwallo ta gangaro ta hagunsa a hankali, bai ko motsa ba. 'Yan kallo suna ta ihu, "Gola, ko a kawo maka ƙoƙon bara ne?"

Da aka tashi na tsare Salman, kyaftin ɗinmu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Koci, tun farkon damina ƙwallo ta same shi a ido wajen atisaye. Duk mun sani."

Na ce, "Kun sani kuka yi shiru?"

Ya ce, "Ɗan Malam ne fa, Koci. Rabinmu a zauren babansa muka yi karatu. Ya ce kada a faɗa. Wa zai buɗe baki?"

Ashe shi ya sa 'yan baya suke taruwa a hagu su bar dama fayau, ni kuwa ina ta yi musu faɗa. Rufa masa asiri suke yi.

Ina neman izini in kai shi wurin likitan ido a Zariya. Ya ce ba zai je ba sai da umarninka.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya.
Saminu Lado

*

Furana, Laraba

Malam Saminu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, ina fata kai ma haka. 'Yata Badi'a ce ta karanta mini takardarka, ita ce kuma ke rubuta wannan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ban san Mudathir yana ƙwallo ba. Na hana shi tun yana ƙarami. Ce mini ya yi darasin yamma kuke yi.

Da ya zo hutun Sallah na ga yana karkata kai idan yana tilawa, har na yaba, na ce natsuwa ta zo masa. Mahaifiyarsa ta ga idon ya yi ja, ta yi ta sa masa tozali. Tun da aka karanta takardar nan ba ta ci abinci ba.

Yaran nan ni na koya musu ladabi. Ban koya musu su zuba ido ɗana ya makance don ganin girmana ba. Ka ce wa Salman ya zo, ba dukansa zan yi ba.

Ka kai shi yau. Maganar ƙwallo kuma na ajiye ta sai ya warke, ba wai na manta ba.

Allah ya saka maka da alheri.
Muhammadu Auwalu

*

Zariya, Asabar

Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa.

An yi aikin jiya da safe. Likita ya ce wata fata ce a can cikin idon ta ɓalle, kuma an makara ƙwarai. Ya tambaye ni ina muke duk watannin nan.

Wasan ƙarshe da Kudan an ci mu biyu da nema, wani yaron ne a raga. Salman na hanyar Furana.

Mudathir ya tambaya ko Malam zai zo. Na ce zan rubuto.

Ranar Alhamis za a cire bandejin. Likita bai ce idon zai gani ba, bai kuma ce ba zai gani ba.

Na bar Malam lafiya.
Saminu