Binne a Gonar Gabas

Talata, 14 ga Mayu, 2024

Yaya Sabo, wan mijina Malam, ya sake zuwa. Ya zauna a gefen tabarma, ya yi wa Malam sannu har sau uku, sannan ya sauko kan abin da ya kawo shi: gonar gabas. Wai tunda hannu da ƙafar ƙaninsa sun shanye, bana shi zai nome ta, in an yi girbi ya auno mana rabonmu. Magana kamar zuma. Haka ya karɓi gonar ɗan'uwansu marigayi Kamilu don taimakon marayu, yau shekara shida, marayun sun tasa ba su ma san iyakarta ba.

Ina bayan ƙyaure ina murza ƙuli, kunnena yana wajensu. Malam ya yi ta kokawa da bakinsa, magana ta ƙi fita. Sai ni na fito, na durƙusa, na ce, "Yaya, a yi haƙuri, bana za mu shuka ta." Ya ce ku su wa? Na ce ni.

Dariyar da ya yi har yanzu tana cin raina. Ya ce ranar da ruwan shuka ya sauka, in ya ga gonar a kwance zai shiga da shanunsa.

Juma'a, 17 ga Mayu

Gyaɗa ta ƙara tashi a Ɗambatta. Rabin abin da na saba soyawa nake soyawa yanzu. Yau ma tuwo sau ɗaya.

Asabar, 25 ga Mayu

Shekara goma sha biyu ina gidan nan ban taɓa leƙa rumbun Malam ba. Mace ba ta leƙa rumbun miji, shi ke hawa ya auno mata. Tun da ya kwanta maƙwabci nake roƙa ya hau. Yau na jingina tsani na hau da kaina, Malam yana bi na da ido daga inuwa.

Ƙasan rumbun na gani ƙarara. Abin da ya saura sai damin irin gero guda biyu da ya zaɓa da hannunsa bara, zangarniya manya-manya. Na sauko da ɗaya. Ban kalle shi ba, shi ma ya juya fuskarsa bango.

Litinin, 27 ga Mayu

Na je aron sungumi wajen Inna Kaltume, wadda ke noma gonarta tun rasuwar mijinta. Na gaya mata binne zan yi, in zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, Yaya Sabo ya tarar an riga shi. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce binne caca ce: in ruwan farko mai ƙarfi ne na ci, in yayyafi ne ya yaudari irin ya tsiro, rana ta ƙone shi. Ta ce in jira.

Na ce to, na ji. Ban ji ba.

Alhamis, 30 ga Mayu

Kwana uku ina shuka. In sare layi, in dawo in zuba, in take da diddige, Basiru goye a bayana. Layukan sun karkace kamar tafiyar akuya. Matar liman ta aiko tana tambaya ko lafiya aka gan ni a gona da sungumi. Na ce a gaya mata lafiya ƙalau, yunwa ce kawai.

Bayana kamar zai tsinke. Da la'asar kuma ga turmin gyaɗa yana jirana.

Lahadi, 2 ga Yuni

An yi ruwa. Kaɗan. Na tona ƙasa da yatsa, laimar ba ta wuce gaɓa biyu ba. Na rufe ramin na taho, na ƙi tuna maganar Inna.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ya tsiro! Yaya Sabo ya zo wucewa a babur, ya tsaya, ya duba, ya wuce. Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Laraba, 12 ga Yuni

Sama fes. Ko hadari babu.

Lahadi, 16 ga Yuni

Sallah. Maƙwabta sun aiko da nama, Allah ya saka musu. Bayan an sauko idi na zaga gona. Tsiron duk ya kwanta, ya bushe, ana murzawa yana zama gari. Dami guda na irin Malam, ni na ƙona shi da gaggawata, ba kowa ba.

Na zauna gindin gawo na yi kukana mai isata. Sannan na fyace hanci na dawo na soya wa yara nama. 'Yata Luba ta ce idona ya yi ja, na ce hayaƙi ne.

Alhamis, 20 ga Yuni

Rana mai nauyi.

Garin da ke tukunya ya ƙare tun jiya, ga man gyaɗar da nake sayarwa bai fita ba, mutane ma ta hatsi suke yi. Luba ba ta cewa komai, ita wannan haƙurin ubanta ta ɗauko, amma na ga ta lashe ludayi ta sake lashewa. Malam ma ya gani. Ya yafito ni da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana harhaɗa kalmomi, sannan ya ce, "Sussuke... damin. Ba yara. Bar wa Yaya."

Na yi lissafi a tsaye. Damin nan ba zai kai mu mako biyu ba, bayansa kuwa babu iri, babu gona, sai jiran abin da Yaya ya ga dama ya auno. Na ce, "Malam, ka yafe min, ba zan sussuke ba."

Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ce masa a'a ba. Ya rufe ido ya kau da kai.

Na tsigo zogale na dafa, na daka ƙulin sayarwa na yi kwaɗo. Sun ci. Gobe ma shi ne, jibi ma. In na yi kuskure karo na biyu ban san da wane ido zan kalli yaran nan ba.

Talata, 25 ga Yuni

Ruwa tun sallar asuba har hantsi, irin wanda ke cika kwatami. Na sussuke damin a zaure ana tsaka da ruwan, yana ɗaukewa na fita. Ina isa gona na hango Yaya Sabo ya taho da shanu da garma.

Ya ce, "Maijidda, kin riga kin ɓata iri sau ɗaya."

Na ce, "Na ɓata, Yaya. Wannan ne na ƙarshe, kuma a nan zan zuba shi."

Na ɗaga sungumi na fara sara a gabansa. Ban kai ƙarshen layi ba sai ga Inna Kaltume da surukarta, kowacce da ƙwarya. Ban kira su ba. Inna ba ta ko gaishe shi ba, ta ɗebi iri ta bi bayana tana zubawa tana mita, wai ramin ya yi zurfi, wai kabari nake haƙa ko shuka.

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya ce layina ya karkace, ya kaɗa shanunsa ya nufi tasa gonar.

Asabar, 20 ga Yuli

Noman fari ya ƙare. Tafin hannuna ya yi kanta, ƙuli ma da ƙyar nake murzawa. Takin zamani ba na irinmu ba ne bana, toka da kashin awaki nake kaiwa a ka. Zogalen gidan nan ya ga ta kansa, mun koma rama da tafasa. Malam ya huce fushin damin nan, ya fara yi min magana, amma ba ya tambayar gona.

Juma'a, 16 ga Agusta

Gero ya fi ni tsawo. Na shiga tsakiyarsa na tsaya, ba mai ganina, ba mai kirana. Na daɗe fiye da yadda aikin ke buƙata.

Laraba, 11 ga Satumba

Na karyo zangarniya huɗu na gasa tumu. Basiru ya ci har da toka. Na murje wa Malam nasa a tafin hannu, ya tauna a hankali, hawaye yana bin gefen da ya shanye. Na yi kamar ina gyara wuta.

Lahadi, 29 ga Satumba

An gama ɗauri, an kwaso. Ba shi da yawa kamar na shekarun Malam, amma zai kai mu, kuma ba wanda ya auno mana shi.

Yau Malam ya taka da sanda daga ɗaki har zaure, shi kaɗai. 'Yan'uwa sun taru ana ta hamdala, har da Yaya Sabo. Malam ya dube ni a gaban kowa, bakinsa ya saki sosai yanzu, ya ce, "Kin sha wahala. Baɗi in Allah ya yarda kin huta, ni zan koma gona, ke ki koma ɗakinki." Kowa ya ce amin.

Ni ma na ce amin. Sai dai tawa ta zo a bayan ta kowa, har Inna Kaltume ta waigo ta dube ni.

Allah shi ne shaida ina son ya warke, ba abin da na fi roƙa. Gajiya ce kawai ta sa na yi jinkiri, ina jin.

Gefen gawon nan dai ƙasar ta gaji da gero, wake ya kamata a sa mata baɗi. Na riga na yi wa Inna maganar iri. Ban gaya wa Malam ba tukuna.