"Had been" ta samo mini aiki

Jidda, 1968

Yaya Turai,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ina lafiya. Wata biyar na yi ina zaga unguwar Bab Makka ba aiki, amma ya wuce.

Jiya na je neman aiki wani kamfanin jiragen ruwa, Baturen wurin ya ce na makara. Na ce masa, "I had been waiting two hours when you came." Da "had waited" na ce, da bai ji zafin tsayuwar ba. Ya yi dariya, ya ce in fara Asabar. Halas, in ji Larabawa, wato shi ke nan!

Ki gaida Malam Garba, malaminmu na Turanci, da ya sha zane ni a kan "had been". Ki ce na yafe masa rabin bulalar.

Ƙaninki,
Husaini